Damin Jarrabawa

Wanda ya fita Kano ya nufi yamma bisa hanyar da ta tafi Dayi da Malumfashi, in ya wuce Rimin Gado sai ya shiga ƙasar Kabo, daga nan ya faɗa ƙasar Gwarzo, wadda ta yi iyaka da Jihar Katsina. Tsakanin birnin Kano da garin Gwarzo tafiyar wajen kilomita 70 ce. Ƙasa ce ta manoma. Dawa da gero da masara da wake da gyaɗa da waken suya duk suna yi, ga kuma lambuna a bakin madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga, inda a ke noman rani. Mutanen Garo da Godiya da Durun da Getso da Kutama da Lakwaya ba su bukatar wani ya koya musu lissafin shekara. Sun san lokacin sharar gona, sun san ruwan da ya isa shuka da wanda bai isa ba, sun san hatsin da za a ci da wanda za a rataye don iri. Amma akwai wani lissafi guda wanda har yanzu bai shiga gidaje da yawa ba, shi ne lissafin abincin yaron da zai zauna jarrabawa.

Maganar kuwa ba ƙarama ba ce. Yaro ya kan yi shekara 12 yana zuwa makaranta, shida a firamare, shida a sakandare. Ubansa ya sayi riga da littattafai, ya haƙura da taimakonsa a gona, uwarsa ta haƙura da aikensa. Duk wannan wahala a cikin 'yan makonni a ke auna ta, a ɗaki guda, bisa takarda. In ya sami kyakkyawan sakamako a darasi biyar, har da Turanci da Lissafi, ƙofar jami'a da ta sauran manyan makarantu ta buɗe masa. In bai samu ba, sai ya sake biyan kuɗi ya sake zama, yarinya kuwa sau da yawa ba a ba ta damar sakewa. To, abin da ya kai wannan nauyi bai kamata ya lalace saboda ludayin koko ba.

Jarrabawa da Rumbu

A shekarun 1950 da 1960 shekarar makaranta a Nijeriya daga Janairu ta ke farawa, ta ƙare a Disamba. Saboda haka babbar jarrabawar fita sakandare a ƙarshen shekara a ke yin ta, watau cikin kaka, ga sabon hatsi, ga iska mai sanyi. Daga baya aka juya shekarar makaranta ta koma farawa a Satumba, jarrabawa ta bi ta. Yanzu ta WAEC, hukumar da aka kafa a 1952 don ƙasashen Afirka ta Yamma masu aiki da Turanci, galibi cikin Mayu da Yuni a ke yin ta. Ta NECO, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1999, ta kan biyo baya a Yuni da Yuli. Kafin su ga ta JAMB ta neman shiga jami'a, wajen watan Afril. Ƙanana kuma, 'yan aji shida na firamare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, su ma tasu cikin wannan zango na uku ta kan faɗo.

Sai mai karatu ya ajiye wannan jeri na watanni kusa da rumbunsa ya duba. Hatsin da aka girbe a Oktoba da Nuwamba ya yi wata shida ko bakwai ana ɗiba. An fitar da zakka, an biya bashin taki, an yi bukukuwan aure, don kuwa biki kaka ya ke jira. Masu awo sun zo da motoci sun kwashi nasu zuwa kasuwar Dawanau tun hatsi na da araha. Sa'ad da bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, kasuwa kuwa ta hau. Ɗan kuɗin da ke hannu taki na kiransa, iri na kiransa, masu huɗa da shanu na kiransa. Sabon abinci kuma ba shi zuwa sai gero ya nuna, wajen ƙarshen Agusta ko cikin Satumba. A wannan tsakani ne maigida ya kan rage awo. Gidan da a ke ɗora tukunya sau uku ya koma sau biyu, na sau biyu ya koma sau ɗaya. Abin da a kan fara yankewa shi ne kalacin safe, don tuwon dare ba ya saura balle a yi ɗumame. Jarrabawa kuwa galibi da safe a ke shigarta.

Ba wanda ya shirya haka da mugunta. Masu tsara jadawali ranar buɗe jami'o'i su ke duba, ba su san halin da rumbun Lakwaya ke ciki ba. Manomi ba shi da ikon matsar da jarrabawa zuwa kaka. Amma yana da ikon ajiye wani abu daga kaka har ranar jarrabawa ta zo.

Abin da Yunwa ke yi wa Ƙwaƙwalwa

Mutane da yawa sun ɗauka mai noma da mai dako su ne ke bukatar abinci, mai karatu ai zaune ya ke a inuwa. Likitoci sun auna sun ga ba haka ba ne. Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta bai fi kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma ko yana zaune wuri ɗaya ita kaɗai ta ke cinye wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jikin ke ƙonawa. Abincinta wani irin sukari ne wanda jiki ke tatsowa daga tuwo da kunu da sauran hatsi, jini ya riƙa kai mata. Ba ta da rumbun kanta da za ta yi ajiya mai yawa, abin da jini ya kawo da shi ta ke aiki.

To, a duba yaron da ya ci tuwo da ƙarfe 8 na dare, ya kwana, ya tashi bai sa kome a bakinsa ba, ya taka ko ya tuƙa keke kilomita biyar zuwa makarantar da aka ba shi, aka raba takarda wajen ƙarfe 10. Awa 14 ke nan cikinsa bai ga kome ba. Zai karanta tambaya sau uku bai gane ba, lissafin da ya iya jiya ya ɓace masa, kansa ya riƙa sarawa, idonsa na kan agogo. Fitilar da kananzir ya ƙare mata lagwani ta ke ci, ta ba da hayaƙi maimakon haske. Hausawa sun gama magana da suka ce sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

Kada a ɗauka abinci magani ne na ƙin karatu. Abinci ba ya sa wa yaro ilmin da bai nema ba. Sai dai yunwa tana iya ƙwace masa wanda ya nema, a ranar da ya fi bukatarsa.

Ɓoyayyiyar Yunwa

Akwai kuma wata yunwa wadda ba ta kuka a ciki. Yaro ya ƙoshi da tuwo, amma jininsa bai isa ba. Jini yana bukatar wani sinadari da likitoci ke kira ƙarfe, kuma lalle ƙarfen nan ne da maƙera suka sani, sai dai ɗan mitsitsi ne wanda ido ba ya gani, yana cikin abinci. Da shi jiki ke gina jan jini, jan jini kuwa shi ke ɗaukar iskar da aka shaƙa ya kai wa ƙwaƙwalwa. In ya yi ƙaranci sai a ga yaro da kasala, da jiri, da haki in ya yi ɗan aiki, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa su yi fari-fari. A aji ya riƙa gyangyaɗi, a ce masa rago, alhali kuwa jini ne babu.

'Yan mata da suka fara al'ada sun fi kowa shiga wannan hali, don kowane wata jikinsu na rasa jini, ga shi a gidaje da yawa su ke girki amma su ne na ƙarshen ci. Ban da wannan akwai ɓarayin jini uku da suka yawaita a ƙasar nan: zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka da kamun kifi a madatsun ruwa da kududdufai. Duk yaron da aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, sai a kai shi asibitin Gwarzo, ko na Kabo, ko ɗakin shan magani mafi kusa, don tsargiya na da magani, tsutsa ma haka. Jini kuwa ba ya ginuwa cikin kwana biyu, makonni ya ke ɗauka har watanni. Wanda ya ke so ɗansa ya shiga jarrabawar Mayu da isasshen jini, tun Fabrairu zai fara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙarfen nan yana cikin hanta da nama da kifi, yana kuma cikin wake da gero da daddawa da zogale da kuka da alayyafo. Na cikin tsire-tsire ya fi wuyar shiga jini, amma akwai dabara. In an haɗa shi da lemun tsami ko tumatir ko mangwaro ko gwaba, jiki ya fi jansa. In an jiƙa gero ya kwana ya yi tsami, kamar yadda a ke yi wa gasarar koko, shi ma ya fi sakin abin da ke cikinsa. Shayi kuwa akasin haka ya ke yi, in an sha shi tare da abinci sai ya tare ƙarfen ya hana shi wucewa. Saboda haka gara a raba su da kamar awa guda.

Gishiri ma yana da nasa. Tun 1993 doka ta tilasta a riƙa sa sinadarin aidin cikin gishirin da a ke sayarwa a Nijeriya, don rashinsa na kawo maƙoƙo, yana kuma dushe basirar yara. Aidin ya kan gudu in an bar gishiri a buɗe cikin rana da laima, don haka a ajiye shi a rufaffen mazubi.

Abincin da ke Gida

Wani zai ce wannan duk maganar masu kuɗi ce, ina talaka ya ga madarar gwangwani da burodi kullum? Amsa ita ce ba a bukatarsu. Masana kiwon lafiya sun kasa abinci kashi uku: mai ba da ƙarfi, kamar gero da dawa da masara da shinkafa da mai, mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da nono da ƙwai da nama, da mai tsare jiki, watau ganyaye da 'ya'yan itace. Abin da a ke so shi ne ukun nan su haɗu a cikin yaro kowace rana. Kakanni kuwa sun riga sun haɗa su tun ba a zo da littafi ba. Koko da ƙosai hatsi ne da wake. Fura da nono, da kunun gyaɗa, da ɗanwake, da shinkafa da wake, da dambu da zogale, da kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, duk haɗi ne mai kyau, don abin da hatsi ya rasa wake ko gyaɗa ko nono ya cika.

Lokacin ma bai zo hannu wofi ba. Bazara ce lokacin mangwaro. Da ruwa ya sauka zogale ya kan yi sabon ganye, tafasa da lalo su fito a bayan gida ba wanda ya shuka su, zabi su fara ƙwai. Ga kuma awara, wadda matan ƙasar nan suka ƙware da yinta. Waken suya da a ke yinta da shi, fiye da sulusinsa abin gina jiki ne, har ya fi wake da gyaɗa.

Ranar jarrabawa kanta tana da ƙa'ida. A ba yaro abin da cikinsa ya saba da shi, kada a gwada baƙon abinci ran nan. Kada a cika masa ciki da tuwo mai nauyi har barci ya kama shi. Alewa da lemon kwalba su kan ba da ƙarfi na ɗan lokaci, sa'an nan su saki mutum tsakiyar aiki, koko da ƙosai kuwa a hankali su ke narkewa, su kai shi har azahar. A kuma ƙulla masa ɗan guzuri, ko soyayyar gyaɗa, ko dabino, ko dafaffen ƙwai, da gorar ruwa, don akwai ranakun da a ke yin takarda biyu, ta safe da ta yamma, wani lokaci kuma takarda ta kan makara. Ran 28 ga Mayu, 2025, takardar Turanci ta WAEC ta makara ƙwarai a wurare da yawa na Nijeriya, har waɗansu yara suka rubuta ta da dare da hasken tocila. Wanda ya fito ran nan ba guzuri ya ji jiki.

Lissafin Dami

Daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Yuli kwana 92 ne. Kwanon awo guda na gero ya isa a dama wa yaro ɗaya koko mai kauri na kwana 20 ko fiye, kwanon wake ma ya kai shi kusan haka a ƙosai ko alala. Ke nan kalacin safe na dukan kwanakin nan bai wuce gero kwano 4 ko 5, da wake kwano 4, da gyaɗa kwano 2 ba. Duka-duka kamar kwano 10, watau rubu'in buhu mai cin kwano 40. Da ya ke ba shi yiwuwa a ba ɗa ɗaya ƙannensa na kallo, musamman a gidan da ke da ɗaki biyu ko uku, sai a ninka gwargwadon yawan yaran gida. Ko an ninka sau huɗu buhu guda ne. A kaka buhu guda ba ya karya manomi, a watan Yuni kuwa sayensa sai mai hali.

A ɗauki misalin maƙwabta biyu a wani ƙauye na ƙasar Kabo, kowanne da ɗan fari a ajin ƙarshe. Ranar sussuka matar na farko ta ce masa, "Malam, kafin masu awo su zo, a fitar wa yarinyar nan da nata."

Ya ce, "Wane nata kuma? Ai jarrabawa sai Mayu."

Ta ce, "Shuka ma ai sai Yuni, amma ga irinka can ka rataye tun yanzu."

Ya yi shiru, sa'an nan ya auna ya ɗaure ya ba ta ajiya. Na biyu kuwa ya sayar da abin da ya sayar, aka ci abin da aka ci. Da Mayu ta zo ya ranto kuɗi ya ba wani da ya ce zai samo wa ɗansa amsoshi, yaron kuwa kullum da wofin ciki ya ke fita. Ba za a ce yarinyar lalle ta ci, yaron lalle ya faɗi ba, wannan yana hannun Allah da ƙoƙarin kowannensu. Amma uba ɗaya ya ba 'yarsa abin da zai taimake ta ta fitar da ilmin da ke kanta, ɗayan ya ci bashi ya koya wa ɗansa sata, ya kuma jefa shi cikin hatsarin a soke masa sakamako duka.

Ajiya na da nata sharaɗi. Gero ba shi da wuyar ajiya, wake ne ƙwari ke so. Tun 2007 aka fara yaɗa wani buhu mai ruɓi uku a Afirka ta Yamma, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, ana ce masa PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. In wake ya bushe sarai aka zuba aka ɗaure kowace leda tam, iska ta kan ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Jarka mai tsabta ko ganga mai murfi, in an cika ta an toshe, ita ma haka ta ke yi. Zuba maganin ƙwari na gona cikin waken da yara za su ci kuwa ganganci ne mai iya kisa. Gyaɗa kuma a tsince wadda ta yi fumfuna a zubar, don tana ɗauke da dafi mai lalata hanta.

Gwamnati da Jama'a

Ba za a ce gwamnati ba ta taɓa kula da cikin ɗan makaranta ba. A Jihar Kano, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, daga 1999 zuwa 2003, an ciyar da 'yan firamare a makaranta. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara nata shiri na ciyarwa, bisa Naira 70 kowane yaro a rana, aka dakatar da shi a farkon 2024. Amma ko lokacin da ya ke tafiya, 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare ya shafa. Masu zaman manyan jarrabawa, in ba a makarantar kwana su ke ba, tukunyar gidansu ce gatansu.

Na makarantun kwana, irin ta 'yan mata da ke Kabo da ta maza da ke Gwarzo, gwamnati ke ciyar da su. Duk da haka tukunyar ɗaruruwan yara ba ta zama kamar ta uwa. Ranar ziyara ta kusa da jarrabawa, abin da ya fi amfani a kai musu shi ne wanda ba ya lalacewa kuma yana gina jiki: ƙuli-ƙuli, da soyayyar gyaɗa, da dabino, da busasshen zogale, da garin kunu. Garin kwaki da sukari kaɗai cika ciki su ke yi.

Saura gidan da ko a kaka ba shi da abin ajiyewa, kamar na marayu da na gwauruwa. Nan jama'a ke da aiki. Musulunci ya wajabta zakkar amfanin gona in ya kai nisabi, ɗaya cikin 10 ga noman damina, ɗaya cikin 20 ga wanda aka yi wa ban ruwa da wahala. Mai fitar da ita zai kyauta in ya tuna da matalaucin gidan da ke da ɗa a ajin ƙarshe. Ƙungiyar iyaye da malamai na iya tara kwano-kwano a kaka, a ajiye wurin amintacce, a riƙa dama kunu a bakin makaranta ranakun jarrabawa. Hausawa sun saba da walima bayan an gama, tun daga saukar Alƙur'ani har bikin fita sakandare na yanzu, a yanka rago a soya kaji. Walima abu ne mai kyau. Amma da za a ɗebi kaɗan daga kuɗinta a ciyar da yaron tun yana cikin fama, da ta fi daɗin ci.

Aiki, Barci da Ruwa

Abinci kaɗai bai isa ba in jiki bai huta ba. Watannin jarrabawa su ne na shuka da noman farko, lokacin da uba ya fi bukatar hannun ɗansa. Yaron da ya yi sammako gona ya yi kunya goma kafin ya tafi zaman Lissafi, ƙarfinsa ya bari a gona. Gona ta kan dawo kowace shekara, wannan jarrabawa kuwa ba ta zuwa da sauƙi sau biyu. In aiki ya matsa, ga gayya, ga 'yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka kuma yarinya, a sauke mata talla da ɗiban ruwa da girkin dare na waɗannan makonni.

Likitoci sun ce matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, cikin barci ne kuma ƙwaƙwalwa ke shirya abin da aka karanta da rana ta adana shi. Yara da yawa su kan kwana karatu, su ci goro, su sha kofi mai kauri, waɗansu har su tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi don kada barci ya ɗauke su. Gari ya waye ga ido a buɗe, kai a toshe. Mafi muni su ne ƙwayoyin da abokan banza ke cewa suna ƙara kuzari, irin su taramol, da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Yaron da ya fara su don jarrabawa, jarrabawa ta kan ƙare su ba su ƙare ba. A kuma ɗaura gidan sauro tun ruwan farko, don zazzaɓin kwana uku ya isa ya cinye takarda uku.

A Afril da Mayu zafi ya kan kai awo 40 a ƙasar Kano, ƙishirwa kuwa na kawo ciwon kai da rashin natsuwa tun kafin mutum ya ji maƙogwaronsa ya bushe. A sa yaro ya sha ruwa kafin ya fita. Farkon damina kuma lokacin amai da gudawa ne, don ruwan sama na wanke ƙazanta ya zuba a rijiyoyin da ba su da murfi. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi.

Wani lokaci jarrabawa ta kan haɗu da azumi, kamar yadda Ramalana ya faɗo cikin ta WAEC a 2019. In haka ta faru, sahur shi ne kalacin safe. A jinkirta shi zuwa kusa da alfijir, a ba da abin da ke daɗewa a ciki, kamar fura da nono ko wake, a sha ruwa isasshe tsakanin buɗa baki da sahur.

Bakin Iyaye

Akwai abin da ke hana yaro cin abinci ko an ajiye masa, shi ne tsoro. Uban da ke cewa, "In ka faɗi kada ka dawo mini gida," ko uwar da ke cewa, "In ba ki ci ba aure za a yi miki," suna zaton ƙarfafa su su ke yi. Alhali yaron da fargaba ta cika shi ba ya iya barci, abinci ba ya wuce masa, hannunsa na rawa bisa takarda. Abin da ya fi shi ne a sa masa albarka da safe, a yi masa addu'a, in ya dawo a ba shi ruwa da abinci kafin a tambaye shi yadda ta kasance. In takardar yau ta yi tsauri, a ce masa ta wuce, ya dubi ta gobe. A kuma sanar da shi ko ba a dace ba akwai zama na biyu, don WAEC da NECO duka suna shirya wata jarrabawa wajen ƙarshen shekara saboda masu sakewa.

Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci ya san nauyin alƙalami a hannun da ya yini yana aiki, ya kuma san bugun zuciya ranar gwaji. Ba sai an ba shi labari ba. Karatun da ya samu kuwa a nan zai yi masa rana, ko da ba zai iya koya wa ɗansa Kimiyya ba. Yana iya kwafe jadawalin jarrabawa ya manna a bangon ɗaki, don uwar gida ta san ranar takarda ɗaya da ranar biyu. Yana iya karanta jikin ledar gishiri ya ga ko akwai aidin. Yana iya lissafa kwanon gero da na wake bisa yawan 'ya'yansa. In kaka ta zo, bayan ya fitar da zakka ya rataye iri, sai ya auna kashi na uku, ya ɗaure bakin buhu, ya ɗauki gawayi ya rubuta a jikinsa da hannun kansa: Na jarrabawa, kada a taɓa sai Mayu. Allah ya ba yara sa'a, ya sa iyaye su ci moriyar wahalarsu.